Yaran Agadas da Wasannin Kwamfuta: Masu Saye Ko Masu Ƙerawa?

Duk wanda ya ratsa unguwannin birnin Agadas da maraice, bayan an taso daga lakwal, ba zai rasa ganin yara biyar ko shida sun haɗa kai wuri guda bisa wayar salula ɗaya ba. Ɗaya na riƙe da ita, sauran na leƙe, kowa na jiran layi ya zo kansa. Abin da ke cikin wayar wasa ne, ko na ƙwallon ƙafa, ko na tseren motoci, ko kuma na harbe-harbe. An ƙera shi a Amurka ko Sin ko Japon, mutanen da ke cikinsa ba su yi kama da mutanen Abzin ba, kuma ba da harshen gida suke magana ba. Iyaye da dama na kukan cewa abin ya ɗauke hankalin ƴaƴansu daga karatu, wasu malamai kuwa na ganin maganin shi ne a ƙwace wayar, kowa ya huta.

Amma wasa ba baƙon abu ba ne ga yaro. Iyayen da ke wannan kuka su ma sun yi nasu a zamaninsu. Bambancin shi ne su da hannunsu suka ƙera abin wasansu: motar kara, motar waya mai ƙafafun marfin kwalba, raƙumin yumɓu da sirdinsa, ƴar tsana da kayan ɗakinta. Yaron da ya ƙera motar kara ya auna, ya yanke, ya gwada, ta karye, ya sake. A nan ya koyi haƙuri da dabara ba tare da wani ya kira abin darasi ba. Yaron yau an miƙo masa wasa gamamme, ba shi da ta cewa a cikinsa sai danna maɓalli. To, a garin da maƙeransa suka yi suna a duniya da aikin azurfa, madukansa da aikin fata, wannan hasara ce da ta cancanci mahukunta su dube ta.

Akwai kayan aiki da aka shirya musamman domin yaro ya ƙera wasan kwamfuta da kansa. Yawancinsu kyauta ne, wasunsu na aiki ko babu intanet, kuma mafi shahara daga cikinsu yana jin Hausa. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san ko mene ne su, da abin da suke koyarwa, da kuma abin da zai sa su yi amfani a Agadas ko su ƙare cikin kwali.

Kwamfuta ba ta san kome ba sai umurni

Kwamfuta, wadda ƴan lakwal ke kira ordinatar, ba ta da wayo ko kaɗan. Baiwa ce mai tsananin biyayya da sauri, wadda ke aikata abin da aka umurce ta daidai yadda aka faɗa, ko da umurnin na wauta ne. Jerin umurnin da ake rubuta mata shi ake kira manhaja. Wasan kwamfuta kuwa manhaja ce da ta ƙunshi dokokin wasa.

Wanda ya san dara ya riga ya san rabin zancen. Gurabe 30 ne, layi 5 a gicciye da layi 6. Kowane ɗan wasa na da ƴaƴa 12. Ana zubawa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a shiga turawa, gurbi ɗaya kowane ɗauki. Idan mutum ya jera uku, to ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Wanda ƴaƴansa suka kasa uku ya faɗi. A cikin waɗannan ƴan kalmomi akwai dukkan ginshiƙan aikin manhaja: akwai jerin matakai, akwai maimaitawa, akwai sharaɗi na "idan kaza ya faru, to a yi kaza", akwai kuma lissafin da ke canzawa yayin da wasa ke tafiya. Dattijon da ke zaune gindin bango yana dara da tsakuwa da kashin raƙumi yana riƙe da wannan tsari duka a kansa. Abin da ya rage shi ne a faɗa wa na'ura da harshen da take ji.

A da, wannan harshe na ƙwararru ne kaɗai. A shekara ta 1967 ne wasu masana uku a Amurka, Seymour Papert da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon, suka ƙago harshen Logo domin yara. Yaro na ba wani ɗan kunkuru umurni ya yi gaba taku kaza, ya juya dama, shi kuwa kunkurun yana jan layi a bayansa har siffa ta fito. Papert, wanda haifaffen Afirka ta Kudu ne, ya tsaya kan ra'ayin cewa yaro ne ya kamata ya riƙa umurtar kwamfuta, maimakon a zaunar da shi tana yi masa tambayoyi kamar sufeto. Kuma ba a jima ba abin ya iso Afirka ta Yamma, domin a 1982 an buɗe ɗakin gwajin Logo a babbar makarantar horon malamai ta Dakar, inda aka riƙa kawo ƴan firamare suna aiki da kwamfutoci.

Magajin Logo a yau shi ne Scratch, wanda Mitchel Resnick, almajirin Papert, da abokan aikinsa na jami'ar MIT suka fitar a 2007. An sabunta shi a 2013, aka sake sabuntawa a 2019. An yi shi ne domin yara masu shekara 8 zuwa 16, kuma waɗanda suka yi rajista a dandalinsa sun haura miliyan 100. Hikimarsa ita ce ba a rubuta umurni harafi bayan harafi, inda ɗigo ɗaya da aka manta kan ɓata aikin yini. Umurnin na zuwa ne a siffar tubala masu launi, yaro na jawo su yana ɗora wani kan wani kamar magini. Tubalin da bai dace da wani ba, ba zai zauna kansa ba. Idan ya gama sai ya danna wata koriyar tuta, nan take ya ga abin da ya gina yana motsi.

A ɗauka cewa wata yarinya ƴar aji biyar na son ƙera wasan ayarin gishiri, daga Agadas zuwa Fashi da Bilma, tafiyar kimanin kilomita 600 a cikin Tenere. Da farko za ta zana raƙumi, ko ta ɗauki hoton wanda ta zana a takarda ta shigar. Za ta zana rijiyoyi uku ko huɗu a kan hanya. Sa'an nan ta yi wa madugu salka, wato wani ma'aji na lissafi, ta zuba masa ruwa awo 100. Sai ta kafa doka: kowane taku na raƙumi ya rage awo 1, idan raƙumi ya taɓa rijiya, salka ta koma 100, idan ruwa ya ƙare, wasa ya ƙare. Filin wasan a Scratch na da faɗin taku 480 da tsawon taku 360, sifili kuma yana tsakiya. Ke nan idan tana son ayari ya tashi daga hannun hagu, dole ta yi aiki da lambobin da ke ƙasa da sifili, abin da ke ba ɗaliban koleji wahala a kan allo. Idan tana son raƙumi ya juya, dole ta san mece ce kusurwa mai digiri 90.

Kuma ba makawa za ta yi kuskure. Za ta manta ta gaya wa na'ura ta tsaya idan salka ta bushe, sai ta ga ruwa ya koma ƙasa da sifili, raƙumi kuwa yana ta tafiyarsa ba ƙishi. Babu mai duka, babu jan alƙalami. Ita da kanta za ta koma ta bi tubalan ɗaya ɗaya har ta gano inda ta yi tsallake. Wannan neman kuskure shi ne mafi girman abin da kayan ke koyarwa, kuma shi ne abin da makarantar hadda da maimaitawa ta fi gazawa a kai, domin a can yaro na koyon ɓoye kuskurensa ne don tsoron bulala.

Sauran kayan ba sa bukatar dogon bayani. ScratchJr, wanda ya fito a 2014, na ƴan shekara 5 zuwa 7 ne, tubalansa hotuna ne ba rubutu ba. Pocket Code, na wata jami'a a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, yana aiki a cikin wayar salula kanta, kuma wannan babban abu ne a ƙasar da waya ta fi kwamfuta yawa nesa ba kusa ba. Yaron da ya girmi tubala na iya wucewa zuwa GDevelop ko Godot, dukansu kyauta, ko ya koyi harshen Python. Akwai kuma Roblox, wanda yara ke so ƙwarai, amma shi ba ya tafiya sai da intanet, kuma kasuwa ce ta wani kamfani mai kuɗinsa na cikin wasa, inda baƙi ke iya yi wa yaro magana. Ba shi ne ya dace a fara da shi a makarantar gwamnati ba.

Maganar harshe

Scratch na da fassara cikin harsuna fiye da 70, kuma Hausa na cikin jerin, tare da Swahili da Amharik da Zulu. Malami na iya shiga jerin harsuna ya zaɓi Hausa, tubalan su juye a gaban yara. Wannan ya zo daidai da wani babban sauyi a ƙasar Nijar, domin kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, ake ta muhawara ko harsunan gida na iya ɗaukar ilimin zamani. Masu shakka kan ce Hausa ta isa a yi tatsuniya da wa'azi da sanarwar rigakafi, amma ba lissafi da kimiyya ba. To ga shi na'ura na karɓar umurni da Hausa tana aikatawa, ba ta tambayi ko harshen ya isa ba.

Amfanin wannan a fili yake. Yaron da ke fama da Faransanci, idan aka ba shi tubala da Faransanci, kaya biyu aka ɗora masa a tafiya ɗaya: ya gane kalmar, ya kuma gane dabarar. Idan ya kasa, malami ba zai san wanne ne ya kayar da shi ba. Da harshen da yake mafarki da shi kuwa, dabarar kaɗai ta rage a gabansa.

Sai dai fassara ba ta ƙare da shigar harshe cikin jeri ba. Masu sa kai ne ke fassara Scratch ta intanet, kowa daga inda yake, kuma duk wanda ya taɓa aikin fassara ya san cewa Hausar boko ta Kano da ta Maraɗi ko Agadas kan rabu a wurin kalmomin aro, waccan ta sha daga Ingilishi, wannan daga Faransanci. Har rubutu ma akwai saɓani, tun da a Nijar ana rubuta ƴ mai ƙugiya, a Nijeriya kuwa ana sa waƙafi gaban harafin. Akwai kuma kalmomin da ba a riga an daidaita a kansu ba. Wancan ma'aji na lissafi da ƴar aji biyar ta kira salka, da wane suna za a san shi a littafin koyarwa? Rumbu ne, ko ma'aji, ko mai-canzawa? Umurnin da ke juyawa yana komawa farko, zagaye ne ko maimaici? Idan kowane malami ya ƙago tasa kalma, yaron da aka canza wa makaranta zai koma baƙo. Wannan aiki ne na cibiyar INDRAP, wadda ta daɗe tana shirya littattafan koyarwa cikin harsunan ƙasa, tare da masana harshe na jami'ar Abdu Mumuni, kuma zai fi kyau a yi shi da shawarar takwarorinsu na Kano da Sakkwato domin kada harshe ɗaya ya tashi da ƙamus biyu.

Abu na biyu ya fi shafar Agadas kai tsaye. Hausa ce harshen kasuwa da titi a cikin birni, amma da zarar an fita zuwa Timiya ko Iferwan ko Tabelot, yaro da Tamajak yake tashi. A Ingal akwai Tasawak, a Kawar akwai Kanuri da Tubanci, ga kuma Fulfulde a wurin makiyaya. Tamajak ba ta cikin jerin harsunan Scratch. Babu wata doka da ta hana ta shiga, domin ƙofa a buɗe take ga duk jama'ar da ta tara masu fassara, kuma kalmomin tubalan ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba. Haruffan Tifinag ma sun shiga tsarin rubutun kwamfuta na duniya tun 2005. Aikin bai fi ƙarfin malamai goma masu jin harsuna biyu ba idan aka zaunar da su hutu guda. In ba a yi ba, za a sauke wa ɗan birni kayan da aka bar wa ɗan dutse a ka.

Wuta, ƙura da zafi

Wani zai ce duk wannan zance ne na wanda ya ƙoshi, tun da kwamfuta ba ta tashi sai da wuta. Gaskiyarsa. Kimanin mutum 1 cikin 5 ne ke da wutar lantarki a Nijar. Agadas na shan wuta ne daga tashar gawayi ta SONICHAR da ke Anu Araren kusa da Cirozerin, wadda ta fara aiki a 1981, kuma an gina ta ne da fari domin ma'adinan Arlit. Gari ya girma, injuna sun tsufa, ɗaukewar wuta kuwa ba labari ba ne ga mazauna birnin, balle a watannin zafi. Ga ƙura da ke shiga ko'ina, ga zafin da ke kashe batir kafin lokacinsa.

Duk da haka, wannan ita ce matsalar da ta fi sauƙin magani. Scratch na da nau'in da ake zubawa a cikin na'ura sau ɗaya, ya yi ta aiki ba intanet. Ba ya bukatar sabuwar kwamfuta mai tsada. Akwai wata ƴar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, da aka fara sayarwa a Ingila a 2012 kan dalar Amurka 35, girmanta bai wuce tafin hannu ba, wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan fitila irin na da ba. Da faifan hasken rana kaɗan da batir ana iya tafiyar da ɗaki mai na'ura goma, yara biyu ko uku kan kowace. Rana kuwa ba a rasa ta a Abzin. Nijar ma ba baƙuwa ba ce a wannan fanni, domin tun zamanin Farfesa Abdu Mumuni Diofo da ofishin ONERSOL aka san ta da binciken makamashin rana.

Abin da tarihi ya nuna

Babbar matsala tana wani wuri dabam, kuma Nijar ta riga ta ɗanɗana ta. A 1964 aka kafa talabijin na makaranta da taimakon Faransa, ɗaya daga cikin na farko a Afirka. Ana shirya darussa a Yamai, ana watsawa zuwa azuzuwa, inda wani mai kula da aka ba gajeren horo ke tsaye kusa da akwatin. Baƙi sun zo daga ƙasashe da dama sun gani sun yaba, kuma an shaidi yaran da iya magana da sakin jiki. Amma shekara da shekaru abin bai wuce azuzuwa kimanin 20 da ɗalibai kimanin 800 ba. Ya dogara ga ƙwararru da kuɗin waje, ya tashi a gefen tsarin makarantu na yau da kullum, malamai na asali kuwa ba su ɗauke shi nasu ba. Ko da aka faɗaɗa shi daga baya, bai yi saiwa ba. A ƙarshe kayan aikinsa suka zama harsashin gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel, a 1979.

Ba Nijar kaɗai ba. Faransa kanta ta raba kwamfutoci fiye da dubu 100 ga makarantunta a 1985, da Logo a cikinsu, aka yi wa malamai horo na ƴan kwanaki, kuma da yawa daga na'urorin suka tsufa a cikin kabad. Shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta guda, wanda aka sanar a 2005, an gwada shi a wata makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta sayi ɗaruruwan dubbai na irin waɗannan kwamfutoci, amma binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙaruwa a sakamakon yara na lissafi da karatu ba. Kowane lokaci labarin ɗaya ne: an kashe kuɗi a kan na'ura, an yi rowa a kan malami. Na'ura ana iya ɗaukar hotonta ranar biki, horon malami kuwa ba ya fitowa a hoto.

Haka nan makon koyon manhaja na Afirka, wanda kamfanin SAP na Jamus ya fara a 2015 kuma ya bazu zuwa ƙasashen nahiyar har da Nijar, ya sa yara masu yawan gaske sun taɓa Scratch karo na farko. Abin yabo ne. Amma awa ɗaya ko biyu a shekara ɗanɗano ne kawai. Yaro ya sa kyanwar Scratch ta yi taku goma, an tafa, an raba takardar shaida, baƙi sun koma. Wasan ayari irin na waccan yarinya na bukatar makonni, da wani babba da za ta kai wa kuka ranar da raƙuminta ya ƙi juyawa.

Wannan babba ba sai injiniya ba. Malamin firamare da ya ƙera wasa uku ko huɗu da hannunsa, ya sha wahalar neman kuskurensa, ya isa. Abin da zai fi yi masa wuya shi ne sauya hali: ya yarda yaro ya riga shi gano wani abu, ya iya cewa "ban sani ba, mu duba tare" a gaban aji. Makarantun horon malamai ne kaɗai ke iya dasa wannan, kuma ko babu na'ura ana iya farawa. A share fili, a zana gurabe, yaro ɗaya ya zama raƙumi, wani ya ba shi umurni, raƙumi kuma ya ƙi yin kome sai abin da aka faɗa daidai. Agadas na da jami'a tun 2014, tana da makarantar ma'adinai ta EMAIR, kuma ɗalibansu na iya tallafa wa malaman gari ba sai an jira wani ya taso daga Yamai, tafiyar fiye da kilomita 900, ba.

Akwai wata hujja mai nauyi da ba za a kauce mata ba. Binciken PASEC na 2019 ya nuna cewa kimanin kashi 30 cikin 100 ne kawai na yaran da ke ƙare firamare a Nijar suka kai matsayin da ake bukata a karatu, a lissafi ma abin bai kai haka ba. Dubban azuzuwa na zana ne, wasu yara a ƙasa suke zaune, littafi ɗaya na hannun mutum uku. Mai wannan hujja na cewa a fara da allo da alli tukuna. Yana da gaskiya idan nufin shi ne a sayi kwamfuta ga kowane aji. Wannan ɓarnar dukiya ce, kuma duk ɗan kasuwar da ya zo da irin wannan tayi a bincike shi da kyau. Amma ɗaki ɗaya a gidan matasa da al'adu, ko a wata makaranta ta tsakiyar gari da sauran makarantu za su riƙa zuwa bi da bi, ba zai hana a gina aji ba. Kuma yaron da ke son raƙuminsa ya yi magana dole ya rubuta maganar, wanda ke son ƙidaya maki dole ya yi tarawa da ɗebewa. Yara da yawa ba su ƙi karatu don wuyarsa ba, sun ƙi shi ne don ba su ga abin da za su yi da shi ba.

Sai a kula da ƴan mata. Idan aka buɗe ɗaki aka ce kowa ya zo, maza ne za su cika kujeru, domin yarinya na gida tana ɗiban ruwa ko reno, kuma iyaye ba za su bar ta ta fita bayan magariba ba. Sai an ware musu ranaku da sa'o'i na rana, an kuma sami malama mace a cikin waɗanda aka horar.

Kada a yi wa iyaye alkawarin da ba a iya cikawa. Agadas ta ga hanyoyin samu da dama sun buɗe sun rufe a cikin shekaru kaɗan. Yawon buɗe ido ya durƙushe bayan tawayen 2007 da sace-sacen Turawa. Jigilar baƙin haure ta ciyar da gidaje da yawa, dokar 2015 ta hana ta, aka soke dokar a ƙarshen 2023. Zinariyar Jado ta ja matasa tun 2014, kamfanin COMINAK kuma ya rufe ma'adininsa na Akuta a 2021. A irin wannan hali, uba na da haƙƙin tambaya ko wannan wasa zai ciyar da ɗansa. Amsar gaskiya ita ce, ƙalilan ne za su ci abinci da ƙera wasanni. Akwai masu yi a Afirka: kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar da wasan Aurion a 2016 bayan shekaru na wahala da ɗaukewar wuta, akwai Leti Arts a Gana da Kenya, akwai Maliyo Games a Legas, a Yamai ma wani matashi, Mahaman Sani Housseyni, ya ƙera wasa mai suna Les Héros du Sahel. Amma kasuwar ƙarama ce. Ribar da ta fi tabbata ita ce yaron da ya saba rarraba babbar matsala zuwa ƙanana, ya saba gwadawa da gyarawa, zai yi amfani da wannan ko ya zama makanike, ko mai haɗa wutar rana, ko ma'aikacin asibiti, ko akawun ƙungiyar manoman albasa ta Tabelot.

Akwai kuma abin da Agadas ke da shi wanda kamfanonin waje ba su da shi. Tsohon garin ya shiga jerin kayan tarihi na duniya na UNESCO a 2013, da hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27. Ga bikin Biyanu, ga taron makiyaya na Ingal, ga labarin itaciyar Tenere da mota ta kaɓe a 1973, wadda gangar jikinta ke ajiye a gidan tarihi na Yamai. Ga tseren raƙuma, ga langa, ga dara. Kowane ɗaya wasa ne da ke jiran mai ƙera shi, kuma yaron da zai ƙera sai ya je wurin kakansa ya tambayi sunayen rijiyoyi da kwana nawa ke tsakaninsu.

Abin da ke gaban ma'aikatar ilimi da hukumomin jiha ba shi da yawa, amma duka na dogon numfashi ne: sa'o'i ƙayyadaddu a cikin manhajar makarantun horon malamai, ƙamus ɗaya na Hausa da aka amince da shi, fassarar Tamajak, da kuɗin gyara da sauya batir da aka rubuta a kasafin kowace shekara tun kafin a sayi na'ura ta farko. Sa'an nan a riƙa horar da malamai aƙalla biyu ko uku a kowace cibiya, domin canjin wurin aiki na zuwa kowace damina, kuma idan malami ɗaya tak ne ya iya, ranar da aka mayar da shi Tawa ko Difa za a kulle ɗakin, mabuɗin ya zauna a aljihun darekta.